Rasuwar 'Yar Shida, Hitar da Aka Auna wa Mutum Biyu

Da zuciya cike da baƙin ciki, da haƙora masu kaɗawa, ni tela, a madadin iyalina da duk wanda ya taɓa cuɗa bayansa a gidan nan, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar hitar ruwanmu, wadda aka fi sani da 'Yar Shida. Ta rasu ranar Talata da safe, ƙarfe shida da kwata, a inda ta yi rayuwarta duka, wato jikin bangon barandar bayan kicin, tsakanin tukunyar gas da igiyar shanya. Ta bar duniya tana da shekara biyar da wata huɗu. Lokacin da abin ya faru ina cikin banɗaki, sabulu har cikin kunne, saboda haka ni na fara samun labari, kuma a gadon bayana na same shi.

Ga waɗanda ba su yi zamani da ita ba, marigayiya ba irin hitocin nan ba ce masu tulun ciki, waɗanda ke tara ruwa su zauna suna gadinsa. Ita ba ta da tanki. Ba ta ajiya, ba ta ɓoyo. Ka buɗe famfo, ruwa ya ratsa ta cikinta, ta hura wuta ta ɗumama shi yana wucewa. Ka rufe, ta kama bakinta. Ƙarfinta lita shida ne a minti ɗaya, daga nan ta samo sunanta. Fara ce, siririya, ba ta fi jakar tafiya girma ba, da 'yar taga a ƙirji inda ake hango shuɗin harshen wutarta. Iyakar maganarta a duniya ita ce tak-tak-tak, sannan fuuf. Ba a taɓa jin ta ƙara ko harafi ɗaya a kan haka ba, abin da ba zan iya faɗa game da sauran mazauna gidan nan ba.

Ta kasance mai haƙuri, mai tashi da wuri, marar son zuciya. Ba ta taɓa tambayar wa ke ƙarƙashin shawa ba kafin ta yi aikinta. Ta ɗumama wa mai gida, ta ɗumama wa baƙon da ya zo kwana biyu ya yi sati uku, ta ɗumama wa tukwane masu maiƙo. Aibinta ɗaya ne tak: ba ta iya bauta wa famfo biyu lokaci guda. Idan mutum na biyu ya buɗe nasa, sai ta raba abin da take da shi tsakani da Allah, kowa ya sami ruwan da bai kai ɗumi ba, wani lokaci ma ta yi fushi ta mutu gaba ɗaya. Wannan aibin kuwa ba nata ba ne. Tunda a kan gawa ake faɗin gaskiya, bari in faɗa: nawa ne.

Shekarata arba'in ina ɗinki. A saman ƙofar shagona akwai allo da aka rubuta wa Tela da Ɗansa, tun babban ɗana bai fi tsayin teburin yanka ba. Ni na koya masa riƙon almakashi. Kafin ya kai ashirin ya fi ni iya wuyan riga, ban dai taɓa gaya masa ba, don yabo yana lalata hannu. Rana ɗaya, yana da shekara ashirin da shida, ya zo ya tsuguna ya ce ya sami aiki a wani babban kanti da ke sayar da ɗinkakkun kaya. Kun san irinsu: rigunan da aka ɗinka wa mutumin da ba a taɓa gani ba, an kasa 'yan Adam duka gida uku, ƙarami, matsakaici da babba, kamar ƙwai. Ban zage shi ba, ban ɗaga murya ba. Na hau kujera da gwangwanin fenti na shafe "da Ɗansa" daga allon. Fentin bai yi daidai da na asali ba, har yau idan rana ta haska ta gefe ana ganin inuwar haruffan.

Daga ranar maganarmu ta koma kalma huɗu. Ya zo gaisuwa ya durƙusa ya ce, "Ina kwana, Baba," ni kuma in ce, "Lafiya." Shekara huɗu muna haka. Ya yi aure na ce lafiya, aka haifa masa tagwaye na ce lafiya. Duk wani saƙo da ya fi wannan tsawo sai ya bi ta hannun mahaifiyarsa, wadda a gidan nan muke kira Gwamnati, saboda ba ta neman shawara, sanarwa take yi.

A cikin waɗannan shekarun ne gida ya zama daga ni sai Gwamnati, auta kuma tana makaranta a wani gari. Gwiwoyina suka fara ƙin ɗaukar bokitin ruwan zafi, na yanke shawarar sa hita. Na kira mai gyaran famfonmu, wanda unguwa ke kira Mai Bokiti don ba ya yarda da bakin kowa sai ya auna. Ya zo da bokitinsa, ni kuwa ban bar shi ya ajiye shi ƙasa ba.

"Baba tela, irin wannan hitar ba yawan mutane take ji ba," in ji shi. "Famfo nawa za a riƙa buɗewa lokaci guda? Shi ne awonta."

"Ɗaya," na ce.

"Banɗaki biyu na gani, ga kuma kicin."

"Banɗaki biyu, mutum biyu, ɗayar ma ba ta shiga sai na fito. Ba mai dawowa gidan nan." Na ɗaga murya a wannan na ƙarshen don ya kai kicin.

Ya kai kuwa. Gwamnati ta leƙo da ludayi a hannu ta ce, "Malam, kai da ko wandon ɗan yaye za ka ɗinka sai ka bar masa kalmasa yatsa huɗu don zai girma? Ka bar wa gidan nan kalmasa mana."

Na ce gidan nan ya gama girma. Ba don rowa na zaɓi ƙaramar ba, kowa ya shaida ni ba marowaci ba ne. Na zaɓe ta ne don in nuna wa wani, wanda ba ya ma wurin, cewa ban ajiye masa ko lita ɗaya ba. Haka aka kawo marigayiya gidan nan, an yanka ta daidai jikin mutum biyu, babu sarari ko na allura.

Bayan wata takwas mai gidan da babban ɗana ke haya ya sayar da gidan. Gwamnati ta yi sanarwa ranar Alhamis, ranar Asabar motar kaya ta tsaya a ƙofa. Ya dawo da matarsa, surukarmu, ma'aikaciyar jinya mai fita aiki da sassafe, da tagwayensu. Ba a rufa wata biyu ba auta ta gama makaranta ta dawo da akwati uku da gashin da wankinsa kaɗai aikin yini ne. Mutum biyu suka zama bakwai. Marigayiya ba ta ce komai ba, tak-tak-tak kawai ta yi, ta ɗaura ɗamara.

A nan ya kamata a san fasalin gidan. Banɗakunanmu biyu baya da baya suke, bango ɗaya ya raba su, a samansa akwai 'yar tagar iska da ba ta fi tafin hannu biyu ba. Ni ina shiga wanka ƙarfe shida tun kafin a haifi kowa a gidan. Ashe shi ma babban ɗana ƙarfe shida yake shiga, a ina ya koya oho. Safiyar farko da suka kwana, na shafa sabulu tun daga kai har ƙugu, ina cikin jin daɗin duniya, sai na ji ruwan ya juye ya zama kamar an zubo shi daga firji. Na yi wani tsalle da rabona da irinsa tun ina saurayi.

"Wane ne ya buɗe?" na daka tsawa.

Can murya ta biyo ta tagar iska. "Ni ne, Baba."

"To kashe!"

Ya kashe. Daga baranda muka ji tak-tak-tak, fuuf, ɗumi ya dawo. Ina tsaye ina ɗauraye kumfa na lissafa, na ga yau na gaya wa ɗana kalma shida da ba "lafiya" ba, karo na farko a shekara huɗu da wani abu. Wannan shi ne aikin alheri na farko da aka rubuta wa marigayiya.

Daga nan Gwamnati ta kafa doka: ba mai taɓa famfon zafi sai ya yi shela. Gida ya koma kamar tashar mota. Daga kicin a ce, "Zan buɗe!" daga banɗaki a ce, "Kar ki kuskura!" Surukarmu, yarinya mai kunya da ba ta iya haɗa ido da ni, cikin wata ɗaya ta koyi ƙwala wa surukinta kira daga bakin tukunya, "Baba, minti nawa ya rage?" Auta kuwa idan ta shiga wankin gashi sai a ɗauka an yi ɗauke ruwa a gidan gaba ɗaya. Maƙwabta sun san wa ya yi wanka da wa bai yi ba. Wani maƙwabci ya taɓa gaya mini ya daina sa agogo ya tashe shi.

Amma ƙarfe shida tamu ce, ni da shi. Ni ke fara shiga, shi ya zauna a bakin bahonsa a bayan bango yana jira, tawul a wuya. Watannin farko hirar ba ta wuce haka ba:

"Baba, ka gama?"

"Saura ƙafa ɗaya."

Sai dai jira abu ne mai buɗe baki, bango kuma yana da wata baiwa, ba ya nuna maka fuskar wanda kake fushi da shi. Wata safiya, ban san lokacin da ta fito ba, na ji kaina ina cewa, "Wai a kantin nan naku, idan mutum ya zo da faffaɗan ƙirji da gajeren hannu, me kuke ba shi?"

"Babba muke ba shi, Baba."

"Hannun fa? Ya riƙa share ƙasa da shi?"

"Ina rage masa. Na ajiye keken ɗinki a bayan kanti. Tef ɗin awon da ka ba ni ma yana aljihuna kullum."

Na tura fuskata ƙarƙashin ruwan. Da ya tambaya ko lafiya, na ce sabulu ne ya shiga mini ido, kuma har gobe a kan wannan maganar nake.

Ta wannan tagar iskar na san cewa ɗaya daga cikin tagwaye tana juya haruffa idan tana rubutu, kuma abin yana hana ubanta sukuni. Ta nan na san shugabansa a kanti mutum ne da bai san bambancin auduga da leda ba. Ta nan muka yi sati guda muna gardama a kan yadda ake dasa aljihun gaba, ya kayar da ni, na ce ruwa ne ya hana ni jin hujjarsa. Kuma ta nan, a shekara ta uku, na gaya masa abin da ban gaya wa ko Gwamnati ba: idanuna sun fara gudu, ina yin minti goma ina neman kafar allura, in mai kaya yana zaune sai in yi kamar ina duba zaren ne. Bai ce komai ba sai, "To, Baba." Da na isa shago washegari na tarar da allurai goma a jere a jikin matashin allura, kowace da zarenta, baƙi, fari, shuɗi, ruwan ƙasa. Ashe bai taɓa mayar da makullinsa na shago ba. Tun daga ranar kullum haka nake tarar da su, ban tambaya ba, bai faɗa ba.

Kada wani ya ɗauka mun shirya. A falo, ido da ido, muna nan yadda muke. Ya durƙusa ya ce ina kwana, in ce lafiya, alhali minti ashirin da suka wuce mun gama tattauna ciwon bayansa. Taurin kai a gidanmu gado ne, kuma shi ya ɗauki kaso mafi tsoka. Duk abin da ke tsakanina da ɗana yana rayuwa ne a cikin minti goma sha biyar ɗin da hita mai lita shida ta tilasta wa ɗayanmu ya jira ɗaya.

Ciwon ajalinta ya fara a hankali. Da farko tak-tak-tak ɗinta ya ƙaru, sai ta yi bakwai ko takwas kafin fuuf ya zo, shi ma a gajiye. Sannan ta fara tari, ɗumi ya zo ya tafi ya dawo. Muka canza mata batura, ta ɗan farfaɗo kwana uku. Auta ta ba da shawarar a doke ta a gefe, wai haka ake yi wa rediyo, aka doke ta, Allah ya yafe mana. Daga baya ta fara zubar da hawaye ta ƙasa, ɗigo ɗaya-ɗaya, muka tara mata roba. Da Mai Bokiti ya zo dubiya ya buɗe ƙirjinta, sai ya kama haɓa. Ya ce farin gishirin ruwa ya toshe hanjinta, wai irinsu ana wanke musu ciki duk shekara, ya gaya mini ranar da ya sa ta. Ban tuna ba. Ya ce an yi mata awon mutum biyu, ta yi aikin bakwai, ba hutu ba magani, ko jaki ne dole ya kwanta. Ranar Talata ta yi tak, ta yi tak, na tsaya ina jiran na ukun, bai zo ba.

Marigayiya ta bar shawa biyu da famfon kicin ɗaya, dukkansu yanzu sanyi ƙalau. Ta bar abokiyar zamanta tukunyar gas, wadda ta riga ta koma wa murhu ko kwana uku ba a yi ba. Ta bar tsohon bokitin ƙarfe da ya yi ritaya yana riƙe da tsumman goge ƙasa, yanzu an dawo da shi bakin aiki yana ta ƙarar murna. Ta bar auta da gashin da ya kwana goma sha ɗaya a cikin ɗankwali, da surukarmu da ke wanke maiƙo da ruwan sanyi tana kallon sama. Tagwaye kaɗai ne ba su yi makoki ba, don su dama ba su taɓa ganin amfanin wanka ba, an ma ji suna tambaya ko famfon sanyin shi ma yana mutuwa.

Ta kuma bar ni. Kwana goma sha ɗaya ke nan ana dafa ruwa a babbar tukunya, kowa ya ɗebi nasa ya shige. Ba mai jiran kowa. Ƙarfe shida ina jin motsinsa a bayan bango, ina jin yana zuba ruwa da kofi, shi ma yana jin nawa, amma ba dalilin da zai sa a ce wani abu. Rannan na buɗe baki zan ce saura ƙafa ɗaya, sai na tuna ba a tambaye ni ba. Allurai suna nan kullum da zarensu, amma allura ba ta hira. Na faɗa a fili, tunda takardar mutuwa ce: ina kewar ɗana, yana kwana taku goma daga ɗakina.

Shekaranjiya Mai Bokiti ya dawo don awon magajiya, wannan karon ya ce ko zan kira masa 'yan sanda sai ya ajiye bokitinsa. Gida duka ya bi shi a baya. Ya tara bokiti mai lita goma a shawata, ya danna agogon wayarsa, ya cika a daƙiƙa ɗari. Lita shida a minti ke nan. Ya je ɗaya banɗakin, shi ma shida. Famfon kicin ya ɗauki daƙiƙa ɗari da hamsin, lita huɗu. Ya tsoma wani ɗan tsinken auna zafi a ruwan da ke shigowa daga waje, ya ce mun yi sa'a lokacin sanyi ne, yanzu ruwa ya fi wahalar ɗumamawa, wadda ta isa yau za ta isa duk shekara. Sannan ya ciro fensir daga bayan kunne ya yi lissafi a jikin bangon baranda, daidai gefen gawar.

"Shida da shida da huɗu, sha shida," in ji shi. "Ku sa 'yar sha shida, a faɗaɗa bututun gas, a fitar mata da hanyar hayaƙi mai kyau. Shawa biyu da kicin duk a buɗe lokaci guda. Ba ihu, ba jira. Kowa ya shiga ya fito, ba ruwan wani da wani."

Auta ta yi guɗa. Surukarmu ta ce, "Kai, Allah ya yi maka albarka." Ni kuwa na maimaita maganarsa ta ƙarshe a raina. Ba ruwan wani da wani. Lissafinsa daidai ne, ni mai awo ne, na san awo mai kyau idan na gan shi. Kuma da wane baki zan ce a sake sa ƙarama? Sau ɗaya na yi wannan wautar, gida duka ya sha sanyi shekara biyar saboda ni. In na ce uffan sai an tambaye ni dalili, dalilin kuwa yana tsaye a bakin ƙofar kicin, hannu a aljihu, yana kallon silifas ɗinsa.

"Baba tela, a rubuta sha shida?"

Na buɗe baki in ce a rubuta. Sai aka riga ni.

"A sa 'yar goma," in ji babban ɗana. Bai ɗago kai ba.

Mai Bokiti ya juya. "Goma? Kicin huɗu, shawa ɗaya shida, goma cif. Masu wanke-wanke sun huta, ba mai ƙara yi musu tsawa. To in an buɗe shawa ta biyu fa?"

"Sai a jira."

"Haba Yaya!" in ji auta. "Don Allah me ya sa? Ga babba ana ba mu!"

"Bangon ba zai ɗauki babba ba."

Mai Bokiti ya dubi bangon. Bulo ne na siminti, ni na tsaya aka gina shi, zai ɗauki saniya in an rataya. Ya ƙwanƙwasa shi da bayan yatsa, ya ja numfashi zai yi bayani, sai Gwamnati ta miƙo masa kofin shayi har yana taɓa masa ƙirji.

"Sha, yana hucewa," ta ce. "Bangon nan na fi kowa saninsa. Tagar ɗakina tana kusa da shi. Ba zai ɗauka ba."

Mutumin kirki ya dube ta, ya dubi ɗana, ya dube ni. Ya lashi bakin fensir ya soke sha shida ya rubuta goma. Shekarata arba'in ina yanka, ban taɓa ganin awo mai tsabta irin wannan ba: bai matse kicin ba, bai yi wa banɗaki yawa ba, ya zauna daidai inda ake so. Wai a ce mai wannan idon yana can yana sayar da ƙarami, matsakaici da babba. Ban ce masa komai ba, ai a baranda muke, ido da ido.

Za a sauke marigayiya daga bango ranar Asabar mai zuwa da ƙarfe goma na safe, Mai Bokiti ne zai jagoranci saukewar. Ba za a yi mata wanka ba, ta yi wa mutane isasshe. Za a naɗe ta a cikin yadin da ya rage daga labulen falo, wanda na kalmashe da hannuna, a ɗora ta a baro zuwa wurin mai sayen tsofaffin ƙarafa da ke bayan kasuwa, inda za a raba tagullar cikinta ga mabuƙata. Maɓallin gabanta kaɗai iyali za su riƙe, yana cikin gwangwanin maɓallaina. Ana karɓar gaisuwa a baranda. Masu zuwa ta'aziyya su yi wankansu a gida. Wanda ya ba da shawarar a doke ta an san shi, amma iyali sun yafe.

Magajiyarta 'Yar Goma za ta kama aiki da yammacin ranar, kuma an riga an rubuta ranar wankin cikinta a jikin bango, da babban baƙi, inda ko idona zai gani. Ranar Lahadi da ƙarfe shida ni zan fara shiga kamar kullum, kuma ina sanar da jama'a tun yanzu cewa zan daɗe. Akwai gwangwanin fenti a ƙarƙashin teburin yanka, akwai kalma biyu da suka ɓace a allon shago, ni kuma hannuna ya daina miƙe layi. Idan wani ya karanta wannan takarda, kada ya kuskura ya yi mini maganarta a falo. Ya zo bayan bango, ya taho da kujera.